Tamau da Jita Mai Tsirkiya Shida

A layin masu gyaran mota an yi wani makanike da kowa ke kira Tamau. Ba iyayensa suka sa masa sunan ba, hannunsa ne ya jawo masa. Duk notin da ya ɗaure, sai dai a yanka da wuta, ba dai a kwance ba. Direbobi sun sha tsine masa a bakin hanya in taya ta sace, su hau kan sifana su yi ta tsalle, noti ko gezau. Shi kuwa abin alfahari ne a wurinsa. Gajere ne kakkaura, yatsunsa kamar an datse su, furfura ta fara fito masa, amma bakinsa bai sami labarin girma ya zo ba.

Tsakanin shagonsa da na Mai Walda akwai wata rumfar kwano, ita kaɗai ce inuwa a wannan ɓangaren. Sun raba ta biyu da layin fenti, kullum suna cikin cacar baki a kan ƙafar bencin wa ta tsallaka.

Masu aikin layin suna da 'yar ƙungiyar kiɗa. Mai Faci ke buga ganguna, Mai Fenti ke danna fiyano yana waƙa, Mai Waya kuma ke kaɗa jitar bes, wato babbar jitar nan mai kaurin murya wadda ake jin ta a ƙirji. Manyan mutane masu iyali, a tashi aiki maimakon a nufi gida sai a zauna kiɗa. To, Mai Waya ya tashi ya koma wani gari da jitarsa, ga shi Mai Kayan Gyara zai buɗe sabon shago a ƙarshen wata, ya kuma ce shi lallai sai an yi masa kiɗa.

Ana cikin jimamin wannan a ƙarƙashin rumfa sai Tamau ya turo kai daga ƙarƙashin wata mota.

"Wai abin da kuke wa zaman makoki ke nan? Dum-dum-dum ɗin da Mai Waya ke yi? Ai ko da babban yatsan ƙafata sai in yi shi ina cin abinci."

Mai Walda ya ɗage baƙin gilashinsa na aiki ya dube shi. "Kai da ko tafi ake yi sai naka ya zo bayan na kowa?"

"Ni? Ni da mota ke wucewa a titi in gaya maka wace fulogi ce ba ta ci? Kiɗa ai inji ne, hayaƙi kawai ba ya yi."

"To madalla," in ji Mai Walda. "Ga shaidu. Ranar buɗe shago ka kaɗa waƙa ɗaya tak tare da su, daga farko har ƙarshe. In ka yi, na bar maka rumfar nan duka, ni in koma rana. In ka kasa, ka kwashe komatsanka ka bar min."

Mai Faci ya ce, "Oga, ka yi tunani. Ranar layin nan fa tana narkar min da faci tun kafin in liƙa."

Ina! Tamau har ya miƙa hannu. Suka tafa, ya matse hannun Mai Walda sai da yatsun suka yi ƙara.

Washegari ya sa tsabtatacciyar riga ya nufi shagon kayan kiɗa. Mai shagon wata dattijuwa ce mai tabarau, ta ji bayaninsa, ta dubi tsawonsa, ta dubi yatsunsa, ta sauko masa da wata jita mara nauyi mai gajeren wuya.

"Ɗan'uwa, wannan ce ta mai koyo. Tsirkiya huɗu. Ba za ta karya maka kafaɗa ba, hannunka kuma zai kai ko'ina."

Tamau ya karɓa, ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa, ya juya ta ya leƙa ƙarƙashinta kamar mai neman inda mai ke yoyo, ya ɗaga ta da hannu ɗaya.

"Yaya, wannan ai ba bodi. Kuma silinda huɗu? Ni da nake kwance injin tirela? Waccan fa ta sama, nawa gare ta?"

"Shida. Ta ƙwararru ce."

"Sauko min da ita."

Aka sauko da ita, baƙa wuluk, doguwa, da ya tsayar da ita a ƙasa sai da kanta ya zo masa haɓa. Ya rungume ta sai ya yi baya taga-taga.

"Yauwa! Ka ji ƙarfe."

"Miƙa hannunka na hagu ka taɓa can ƙarshen wuyan," in ji mai shagon.

Ya miƙa, ya ƙara miƙawa, ya karkace baki, yatsun suka tsaya a hanya.

"Sabuwa ce, shi ya sa. In ta ɗan yi aiki za ta saki."

"Itace ne fa, ba takalmi ba."

"Yaya, bar ni da inji."

Ta nuna masa akwatin sauti, ta ce ba a jin bes sai da shi. Ya ce yana da lasifikar wata tsohuwar bas a gareji. Ta nuna masa 'yar na'urar saita murya, ya nuna mata kunnensa. Ta miƙo igiyar ratayawa, ya ja ta sau ɗaya ya ce wannan ko akuya ba za ta riƙe ba, zai ciro bel ɗin kujerar mota.

Da zai fita ta tsayar da shi. "Abu ɗaya zan roƙe ka. Waɗannan kunnuwan da ke kanta, da su ake saita tsirkiya, a hankali ake murɗa su da yatsa. Nan kuma akwai wani noti, yana riƙe da ƙarfen da ke cikin wuyan. Shi kada ka taɓa shi sam."

Idon Tamau ya yi haske. "Noti? Lamba nawa?"

"Na ce kada ka taɓa."

"Na ji, na ji."

Ya iso gida da ita a kafaɗa. Kan jitar ya daki saman ƙofa, ya juya ya ga me ya faru, gindinta ya share kwanukan da ke kan tebur. Matarsa ta fito daga ɗakin girki da ludayi a hannu.

"Baban yara, wannan kuma wace gawa ce ka kwaso?"

"Inuwar gareji ce gaba ɗaya na sayo miki. Matsa ki sha kallo."

Ya zauna a bakin gado, ya ɗora ta a cinya, ta rufe shi sai kai da ƙafafu. Ya ja babbar tsirkiya da ƙarfi. Aka ji wani ɗan "tub" kamar ƙwaro ya faɗa cikin bokiti.

"Shi ke nan?" in ji matar. "Ko ba ka zuba mata mai ba?"

Kashegari da yamma ya turo lasifikar bas a baro, da batirin mota, da rediyon wata tasi da ta yi hatsari, ya yi ta haɗa wayoyi yana tsaki. Da ya gama ya murɗa komai har ƙarshe, don shi bai san rabi ba, ya ja tsirkiya.

Gidan ya ɗauki rugugi. Tagogi suka yi rawa, hoton da ke bango ya sulluɓo, kajin maƙwabta suka watse. Ya ci gaba da ja, du-du-du-du, ba hawa ba sauka. Can sai aka fara buga ƙofa. Matar ta buɗe ta tarar da matan layi a jere, kowace da bokiti.

"Mun ji an tayar da injin ruwa," in ji ta gaba. "Don Allah a taimaka mana ko rabi-rabi ne."

"Ba ruwa ba ne, maigidan ne ke kiɗa."

Maƙwabciyar ta leƙa ta ga mutum da gemu a bayan jita yana gumi. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya," ta ɗauki bokitinta.

Kafin mako ya zagayo yatsunsa sun yi bororo, ya naɗe su da baƙin salatif na waya. Sai kuma ya lura tsirkiyoyin suna ɗan kuka in ya ja yatsa a kansu. A wurin Tamau duk abin da ya yi ƙara giris yake nema. Ya lakato da yatsa biyu ya shafe su tun daga sama har ƙasa. Kukan ya daina. Amma yanzu in ya danna nan sai yatsan ya zame ya tsaya can, jitar kuma ta riƙa sulɓewa daga cinyarsa kamar kifi. Zanen gado ya yi baƙi, matashi ya yi baƙi, rigar makarantar autansu da aka shanya a kujera ita ma ta samu rabonta.

"Ko ni ko ita a ɗakin nan," in ji matar. Aka mai da jita zaure.

A gareji kuwa bakinsa bai huta ba. Ya ce wa Mai Walda ya fara neman malafa. Ya auna rabin rumfar da bai zama nasa ba tukuna, ya ce nan zai sa kujerar hutawa, can kuma tulun ruwan sanyi. In Mai Faci ya ce ya zo a gwada tare, sai ya ce ba a nuna inji kafin a gama haɗa shi.

Da lokaci ya matso, Mai Fenti ya ga abin zai zama kunyar ƙungiya duka, sai ya ɗauki fiyanonsa ya je gidan. Ya ga giris, ya yi salati, ya nemi tsumma da kananzir suka goge. Sannan ya zauna yana danna fiyano yana murɗa kunnuwan jitar kaɗan-kaɗan, har kowace tsirkiya ta hau muryarta.

"Oga, ka manta da wuyan nan, hannunka ba zai kai ba. Ka manta da tsirkiya huɗu. Biyu kawai nake so, wannan da wannan, ba dannawa. In na sunkuyar da kai ka ja ta sama, in na ɗago ka ja ta ƙasa. Waƙar ba ta bukatar fiye da haka."

Suka gwada. Abin mamaki, ya tafi. Ba daɗi can ba, amma ya tafi, har matar ta leƙo zaure ta ce ashe abin yana da kai.

"Kada ka ƙara taɓa komai," in ji Mai Fenti da zai tafi. "Ka rufe ta da zane ka bar ta haka."

"Ai dama haka na yi niyyar kaɗa ta," in ji Tamau. "Gwada ka nake in ga ko ka sani."

Labari ya kai wa Mai Walda. Ranar bai yi wa kowa ba'a ba, aka ga yana ta duban wajen rumfa inda rana ke dukan ƙasa.

Ranar buɗe shago ta zo. Tamau ya yi wanka, ya sa kaya, ya yaye zanen da ke kan jita. To, yana da wata ɗabi'a da ya tashi da ita tun yana koyon aiki: mota ba ta barin hannunsa sai ya zagaya ta da sifana ya bi kowane noti. Ya tsaya yana kallon jitar. Ya kai hannu ya taɓa kunne ɗaya, ya ji ya juya da yatsa biyu.

"Subhanallahi! Sako-sako! Haka yaron nan zai tura ni gaban jama'a? Ai mai fenti mai fenti ne, me ya sani a ɗauri?"

Ya ɗauko filaya. Ya bi kunnuwan nan shida ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa, tsirkiyoyi suna ƙiƙ-ƙiƙ, har sai da kowanne ya ƙi motsi. Sannan ya tuna da notin wuya. Ya leƙa, ya gwada wannan makulli, ya gwada wancan, ya sami daidai shi. Ya ba shi juyi mai kyau. Itacen ya yi wani ɗan nishi.

"Yauwa, yanzu ta zauna."

"Baban yara," in ji matar, "kamar wuyan nan ya lanƙwashe."

"Idonki ne. Ɗauko mayafinki mu tafi."

Gaban sabon shago ya cika. Direbobi, masu gyara, matansu da 'ya'yansu, har da matan bokiti. Mai Kayan Gyara ya sha sabuwar hula, ya jera madubai da fitilun mota a kan wata kanta a bakin ƙofa don kowa ya gani. Aka ajiye lasifikar bas a gefe. Tamau ya rataya jita da bel ɗin kujerar mota, ya danna shi ya ce ƙyas, ya ɗaga wa jama'a hannu kamar ya riga ya gama.

"Mai Walda! Ka yi sallama da inuwa?"

"Kaɗa mu ji tukuna."

Mai Faci ya buga ganga, Mai Fenti ya shiga da fiyano, ya fara waƙa, ya sunkuyar da kai. Tamau ya ja tsirkiya.

Maimakon kaurin muryar nan da ake jira, sai lasifika ta saki wani siririn kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mai Fenti ya ɗago kai a firgice. Tamau ya ga an ɗago kai, ya ja ɗayar. Ta fi ta farko muni.

"Me ka yi mata?" Mai Fenti ya faɗa a tsakiyar baiti.

"Gyara na yi. Ci gaba!"

"Ka taɓa kunnuwan?"

"Ka bar su a kwance, na ɗaure maka. Yi waƙarka!"

Mai Fenti ya riƙa girgiza kai don takaici. Tamau kuwa an ce masa ya bi kai, sai ya bi: sama, ƙasa, sama, ƙasa, da sauri, da dukkan ƙarfinsa. Mai Faci ya rasa wa zai bi, ya bi Tamau. Wani jariri ya fashe da kuka. Wani direba ya ce a duba, fambel ɗin wani na shirin tsinkewa.

Bai rufe baki ba, siririyar tsirkiya ta ce tas! Ta yi sama ta fizge sabuwar hular Mai Kayan Gyara ta jefa ta kan rufin shago.

"Saura biyar!" Tamau ya yi ihu. "Kun ga amfanin shida? Da huɗu na saya da yanzu an shiga uku!"

Ta biyu ta tsinke, ta zabgi kantar madubai. Ta uku ta bi ta. Madubai da fitilu suka zubo ƙasa, mutanen gaba suka kwanta, na baya suka ruga bayan motoci. Mai Faci ya kifa ƙaramar ganga a kansa ya ci gaba da buga babbar da ƙafa.

"Oga, tsaya! Don girman Allah tsaya!"

"Ba a tsayawa a kan gangara! Ku kai ta ƙarshe!"

Sai wuyan jitar ya yi wata ƙara irin ta reshen da aka hau. Ya tsage daga inda notin yake, kan ya lanƙwaso gaba yana lilo da sauran tsirkiyoyin. Lasifika ta yi gurnani ɗaya ta yi shiru, hayaƙi na fita ta bayanta. Tamau ya zabura zai cire jitar, bel ɗin mota kuwa aikinsa ke nan, in an fizge shi ya kulle. Ya kulle. Ya ja, ya ƙara matse shi. Ya danna maɓallin, ashe shi ma ya bi shi da filaya da safe.

Ga Tamau a tsakiyar fili, ɗaure da karyayyar jita a ƙirji, yana juyawa kamar an ɗaura wa jaki ƙofa. Waƙa ko rabi ba ta kai ba.

Sannan matan bokiti suka fara, dariya ta kama wurin har da masu riƙe ciki.

Mai Walda ya taho a hankali da almakashin yankan kwano.

"Maƙwabci, in yanka, ko kana cikin waƙar ne har yanzu?"

"Jitar ce jabu," in ji Tamau. "Tun a shago na ga itacen bai bushe ba."

"Haka ne. In yanka?"

"Da ƙarfe aka yi wuyan da ba haka ba."

"Gaskiyarka. In yanka?"

Matarsa ta matso, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Yanka, bawan Allah, mu tafi gida. In ka biye masa sai ya kwana a ciki."

Aka yanka. Mai Kayan Gyara ya miƙa masa tsintsiya, Tamau ya share gilasai a gaban jama'a yana bayanin yadda ake gane itace mai kyau, ba mai sauraro.

Da safe ya iso gareji ya tarar da bencinsa da akwatin sifanunsa a waje, an jera masa su da kyau a tsakiyar rana. Mai Walda ya miƙe ƙafa a rumfa yana shan ruwa.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo wa Tamau mota, ko me ya same ta, sai ya ce matsalar daga ƙasa take. Ya shimfiɗa kwali ya shige, ba a ƙara ganin komai sai tafin ƙafarsa har rana ta yi sanyi.

Wani direba ya gaji da jira ya durƙusa ya leƙa. "Oga, madubin gefe fa na ce ka ɗaure min."

Murya ta fito daga ƙarƙashin mota. "Na sani. Daga nan ake fara bin sa. In kana sauri, matsar da ita gaba kaɗan, rana ta fara taɓa min ƙafa."